Suna a Aji, Ƙafa a Tasha

Mutanen Parakou da na Djougou, da na ƙauyukan da ke tsakaninsu, da direbobin da suka kama mu a kan hanyar Kandi, sannunku da ƙoƙari.

Yau zancen fashin makaranta za mu yi, da inda za a samo kuɗin maganinsa. Yaran da ba a taɓa kai su lakwal ba, wato makarantar boko, an sha magana a kansu. Akwai wasu yaran kuma da ba a cika waiwayarsu ba, domin a takarda lafiyarsu lau. An rubuta sunansu, an ɗinka musu kaki, mushe, wato malamin aji, ya san fuskarsu. In ka tambayi uban sai ya ce maka ɗansa yana ajin CE2 a firamare, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai yaron Litinin yana aji, Talata yana tasha, Laraba ya leƙa da safe, Alhamis ba wanda ya san inda ya yini. Ƙarshen shekara ya faɗi jarrabawa, a ce ya maimaita aji. Ya maimaita, ƙannensa su cim masa, kunya ta kama shi, shi ke nan an rabu. Da fashin kwana ɗaya-ɗaya ake farawa, kafin a wayi gari yaro ya bar karatu ɗungum.

Duk mai shakka ya fito Guéma, a Parakou, da misalin ƙarfe goma na safe, ranar da ba hutu ba, ya tsaya bakin tasha ko gefen kasuwa, ya dubi yaran da ke ɗaukar kaya. Wandon na kaki ne, rigar ce aka tuɓe aka cusa a leda. Ga wani can riƙe da mazurari wurin mai sayar da kpayo, fetur ɗin bakin hanya, yana ɗura wa ɗan zem, wato ɗan acaɓa, mai, littafinsa a naɗe a aljihun baya, gumi ya jiƙa bangon. Ga yarinya da faranti a ka, ruwan leda ne ko dafaffiyar gyaɗa, tana bin tagar mota. In ka ce mata, "'Yata, yau ba lakwal?" sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, da yamma zan je." Da kai da ita kowa ya san babu zancen yamma.

Doka kam ba ta bar mu cikin duhu ba. Kundin tsarin mulkin Benin na 11 ga Disamba 1990, a sashe na 13, ya ce karatun firamare tilas ne, kuma hukuma za ta bi a hankali har ta mayar da shi kyauta. A watan Oktoba na 2006 gwamnatin Boni Yayi ta soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati da ajin ƙananan yara. Daga baya aka yafe wa 'yan mata kuɗin shekaru huɗun farko na kwaleji, har zuwa jarrabawar BEPC. Dokar kare yara ta 2015 kuma ta hana a sa yaro aiki kafin ya cika shekara 14. Waɗannan matakai sun yi amfani, duk wanda ya ga yadda ajujuwa suka cika maƙil bayan 2006 ba zai yi gardama ba.

Amma ku lura da abin da hukuma ke ƙirgawa. Ajujuwa nawa za a buɗe, malamai nawa za a turo, littattafai nawa, buhun shinkafa nawa, duka da yawan sunayen da aka rubuta farkon shekara ake lissafa su. Yanzu ma da sunayen ke shiga kwamfuta ta EducMaster, sunan ne ke shiga. Yaron da ya zo kwana 5 a mako da wanda ya zo kwana 2, a babban lissafin ƙasa nauyinsu ɗaya. Rajistar kiran suna tana nan a kan teburin kowane mushe, safe da yamma yana sa alama, amma da wuya ka ji an ɗauke ta an kai ta wurin da ake raba kuɗi. Tunda ba a ƙirga fashi, babu layinsa a kasafi, babu kuma ma'aikacin da za a kira a ce kai ne ke da alhakinsa. Yau a nan nake so mu tsaya.

Fashin nan kuwa yana da lokutansa. Babban lokacin shi ne tsakar rana. Makarantunmu zuwa biyu ake yi, a tashi da rana, a komo ƙarfe uku. Yaron da gidansu ke da nisa, ya tako cikin ranar Maris, ya iske ba a ɗora tukunya ba don uwar tana kasuwa, me zai mayar da shi? Sai ya bi ta kasuwar, in ya je kuwa an samu ɗan aike. Ranar Juma'a abin ya fi muni a unguwanninmu: an sauko daga masallaci, an ci tuwon sadaka, an haɗu da abokai, lakwal sai Litinin.

Sai kuma na shekara. Daga Nuwamba zuwa Janairu cirar auduga ce a Borgou da Alibori, hannu ake nema, kuma hannun yaro ba a biyansa. Auduga na ƙarewa yazawa ta nuna, wadda muke kira akaju. Daga Fabrairu har Mayu, a kewayen Parakou da Tchaourou da Djougou, duk ƙwallon da ya faɗo kuɗi ne, kuma wanda ya riga kowa fita shi ke tsinta. Yaro ya cika ɗan buhu da sassafe, ya kai wa mai sikeli, ya karɓi abin da ubansa ba ya ba shi a mako guda. To ka ce masa ya je ya zauna a aji mai mutum tamanin ya haddace nahawun Faransanci. Damina na faɗuwa 'yan mata su shiga tsintar kaɗe, daidai lokacin da jarrabawar CEP, ta gama firamare, ke ƙaratowa a watan Yuni.

A Donga akwai wani abin da ya fi waɗannan ƙarfi, mutanen Djougou da Copargo da Ouaké da Bassila sun san shi sarai. Saurayi ya tafi ƙwadagon noma Nijeriya, wajen Saki da sauran garuruwan jihar Oyo, ya yi shekara ko biyu, ya komo da babur sabo ful da akwatin kiɗa. Ranar da ya shigo gari yana busa ham, duk yaran CM1 suna kallonsa ta taga. Ba su ga kwanan bukka da ya yi ba, ba su ga waɗanda suka komo da ciwo ko hannu wofi ba. Babur suka gani. Watan da ya biyo baya sai a nemi biyu ko uku a aji a rasa. 'Yan mata kuma aikatau ke janye su, zuwa Kwatano ko wasu ƙasashe, galibi ta hannun wata 'yar uwa da ta yi wa iyaye alkawarin kayan ɗaki.

Wasu dalilan ƙanana ne har sai ka ji haushi. Yarinya ta fara girma, makaranta ba ta da ban-ɗaki mai ƙofa da ruwa, kowane wata sai ta yi fashin kwanaki, kuma ba za ta iya faɗa wa mushe dalili ba. Yaro ya kai CM2, a ce kawo takardar haihuwa don jarrabawa, babu, sai gwiwarsa ta yi sanyi tun kafin a zana. Wani ba shi da kaki, wani silifas ɗinsa ya tsinke an yi masa dariya. Kada kuma mu ɗora wa yara laifi duka. A da, yajin aikin malamai kan cinye watanni, har aka yi dokar 2018 da ta taƙaita shi zuwa kwana 10 a shekara. Ra'ayi ya bambanta kan wannan doka, ba ita muka zo tattaunawa ba. Abin da na sani shi ne yaron da ya zo sau uku ya tarar ba malami, na huɗu ba sai an hana shi ba.

To, kuɗi na iya maganin wannan? Amsar tana cikin tukunya, kuma a ƙasar nan aka gwada. A 2017 gwamnatin Patrice Talon ta ƙaddamar da shirin ciyar da 'yan makaranta mai suna PNASI, ta ware masa kimanin biliyan 27 na sefa daga baitulmalin ƙasa, ta damƙa gudanarwa ga Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda muka fi sani da PAM. Lokacin kusan kashi 30 cikin 100 ne na firamaren gwamnati ke dafa abinci. Zuwa 2022 an kai kashi 75, yara sama da miliyan ɗaya na cin abincin rana a makaranta, kuma abin da aka tsara wa zangon 2022 zuwa 2026 ya haura biliyan 150. A 2024 hukumar ƙasa mai suna ANAN ta karɓi ragamar daga hannun PAM. Shinkafa ce da masara da wake da mai da gishiri. Iyaye mata ke girki, unguwa ke kawo itace. Babu wani abin ƙawa a ciki, amma ya toshe babbar ƙofar da yara ke sulalewa ta cikinta, domin wanda ya ci a makaranta ba shi da dalilin tafiya gida da rana, wanda bai tafi ba kuwa ƙarfe uku za ta same shi a aji.

Na yaba wannan aiki, kuma ina ganin yana cikin mafi alherin abin da aka yi da kuɗin jama'a a shekarun nan. Amma akwai gyara. An fi ba karkara ƙarfi, kuma da hujja. Sai dai hakan ya sa makarantun bakin birni da yawa suka zo a ƙarshen layi, alhali yaron Guéma da ke kwana ɗaki ɗaya da mutum bakwai bai fi na ƙauye ƙoshi ba, kuma shi tasha da kasuwa suna bakin ƙofarsa suna kiransa. Sannan ga dala biyar ɗin nan, sefa 25 da ake so kowane yaro ya kawo kullum don kayan miya. A ofis ba kuɗi ba ne. Amma ɗauki mai gida da yara 6 a lakwal: sefa 150 ke nan a rana, jika 3 a wata mai kwana 20 na karatu. Ga wanda ya dogara da dako ko facin taya, tun da rufe iyakar Nijar a 2023 ya rage zirga-zirgar manyan motoci ta Malanville, jika 3 abin a zauna a yi shawara ne. Yaron da ya san yau ba shi da dala biyar, kuma za a kira suna a gaban kowa, gara masa ya maƙale a hanya.

Abinci kaɗai ma ba ya riƙe yaro. A jihar Kaduna, da gwamnatin Nasir El-Rufai ta fara ciyarwa a Janairun 2016, makarantu sun cika har ba wurin zama, amma jaridu suka riƙa ba da labarin yaran da ke zuwa da kwanoninsu, suna gama ci su kama hanya. Dole sai an haɗa tukunya da rajista, a kira suna kafin a ci, a sake kira da yamma.

Yanzu ina za mu kai kukanmu? Yawancinmu in an ce kuɗin gwamnati sai hankalinmu ya tafi Kwatano, mu ce wa ya san mu a can. Alhali akwai ƙofar da ta fi kusa. Tun dokar 1999 da ta tsara mulkin ƙananan hukumomi, gina firamare da gyara ta da sa mata kayan aiki haƙƙin komin ne, wato ƙaramar hukuma. Komin 77 ke ƙasar nan, an fara zaɓen kansilolinsu a ƙarshen 2002. A 2008 aka kafa asusun FADeC, ta cikinsa kuɗin gwamnatin tsakiya suka riƙa gangarowa zuwa gare su, wani da sharaɗin ilimi ko lafiya, wani kuma a bar wa majalisar komin ta zaɓi abin da za ta yi da shi. Bayan gyaran dokar Disamba 2021, kowace komin ta samu babban sakatare, wanda ake kira SE, shi ke riƙe da alƙalamin kashe kuɗi, magajin gari da kansiloli kuma su ke fayyace alkibla. Kowace shekara, kafin ta ƙare, ana zama a tsara kasafin mai zuwa. Akwai kuma zaman da hukumar gari ke fitowa gaban jama'a ta ba da lissafin abin da ta karɓa da abin da ta kashe.

Tambayata ita ce, mu nawa ne a wannan zama? Ƙidayar 2013 ta ba Parakou mutum 255,478, Djougou kuma 267,812, yanzu an wuce haka nesa. A cikin waɗannan dubbai, wa ke biyan tikitin kasuwa kullum safiya? Mai rumfa a Arzèkè, mahauci, dillalin shanu, mai tebur a Guéma, ɗan kamasho a tasha, mai tuwo a Zongo. Ba mu taɓa fashin biya ba, don mai tikiti ba ya fashin zuwa. Amma ranar da za a yanke yadda za a kashe kuɗin, muna kasuwa. Mu ce ba ma jin Faransanci, ko mu ce wannan harkar 'yan siyasa ce. In aka tashi sai a gina shaguna da magudanar ruwa, waɗanda abubuwa ne masu kyau, mu kuma mu koma gindin bishiya muna cewa an manta da mu.

Kakanninmu da suka bi wannan hanya da goro ba haka suka yi ba. Ayarin fatake daga Kano da Sakkwato kan ratsa Nikki da Parakou, ya sauka Djougou, wadda suke kira Zugu, kafin ya miƙa Salaga a ƙasar Gwanja. A kowane zango sai an biya sarki kuɗin wucewa. Madugu ba ya shiga fada sai ya san adadin jakunansa da kayan da ke kan kowanne, ya san abin da zai bayar, ya san abin da zai nema a madadinsa, tsaro ne ko masauki ko rijiya. Mai neman kuɗin hukuma yau ma haka ya kamata ya shiga, da lissafinsa a hannu.

Lissafin kuwa ba sai an ɗauko masani daga waje ba. Kowace makaranta tana da ƙungiyar iyayen yara, APE, wasu kuma suna da ta iyaye mata. Su zauna da darekta, a buɗe rajistar kiran suna ta wata uku, a fitar da abu uku kawai: yara nawa suka yi fashin da ya wuce kwana 3 a wata, a wace rana da wane lokaci fashin ya fi yawa, daga wace unguwa suke. Ba a fitar da sunan kowa, ba tonon silili aka zo yi ba. Takarda shafi ɗaya ta isa. In makarantu biyar na yanki guda suka haɗa irin wannan takarda, shugaban unguwa da kansilansu suka sa hannu, an wuce matsayin koke. Duk wanda ya taɓa zama a ofis ya san bambancin mutumin da ya shigo ya ce "a taimaka wa yaranmu" da wanda ya ajiye takarda ya ce ga yawansu, ga lokacin da suke ɓacewa, ga abin da zai ci. Na farko shayi ake ba shi a raka shi ƙofa.

Me za a nema? Ni dai in da za a ce in zaɓi abu guda, mutum zan zaɓa kafin gini. A samu mace ɗaya ko biyu a kowace makaranta, 'yan unguwa waɗanda ake jin nauyinsu, komin ta riƙa ba su ɗan alawus da kuɗin waya, aikinsu shi ne duk yaron da aka kira sunansa kwana 3 a jere bai amsa ba, su taka har gidansu. Ba da sanda za su je ba. Sallama za su yi, a shimfiɗa musu tabarma, su ce, "Maman yara, lafiya kwana biyu ba mu ga ɗiyarmu ba?" A nan ne gaskiya ke fitowa, wadda ba za a taɓa faɗa wa darekta ba: zazzaɓi ne, ko kaki ya yage, ko uban ya yi tafiya ba a bar komai ba, ko an fara maganar aure. Wanda na asibiti ne a kai asibiti, wanda na ofishin jin daɗin jama'a ne a kai can, wanda ya kai ga cutar da yaro akwai lambar 138 da aka tanada. Yanzu wannan aiki mushe ake sa ran ya yi, mutumin da ke fama da aji cike, wataƙila ma baƙo ne daga kudu da ba ya jin Dendi ko Hausa ko Bariba. Ba zai iya ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Bayan wannan sai ɗan asusu a hannun kwamitin makaranta, na biyan dala biyar ɗin marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi a asirce, da ɗinka kaki, da bin takardar haihuwa a ofishin ANIP, hukumar rajistar jama'a, tun yaro yana CE1, kada a bari sai jarrabawa ta zo wuya. Sai ban-ɗakin 'yan mata mai ƙofa da tulun ruwa, wannan kam gini ne, kai tsaye cikin haƙƙin komin yake, ba mai cewa ba hurumina ba ne. A kuma matsa a sa makarantun bakin birni cikin jerin masu dafa abinci. Akwai ma abin da ya fi duka araha. A yankin Busia na Kenya, masana biyu, Edward Miguel da Michael Kremer, sun bi makarantu 75 da aka raba wa yara maganin tsutsar ciki, sakamakon da suka wallafa a 2004 ya nuna fashi ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Masana sun yi ta ja-in-ja kan girman amfanin daga baya, amma ƙwayar ba ta da tsada, kuma ma'aikatar lafiyarmu tana rabonta a makarantu. Namu shi ne mu tabbata ranar rabon yaranmu suna aji, domin mai fashi shi ne ya fi buƙata, shi ne kuma ba ya nan.

Wani zai ce me ya sa ba za a ci tarar iyaye kawai ba? A Ingila haka ake yi, tun Agustan 2024 tarar ta koma fam 80. Can uba yana da albashi da adireshi. A nan in ka ci tarar matar da ta tura 'yarta talla don a samu na cefane, gobe 'ya biyu za ta tura don a biya tarar. Ƙasashen da suka fi kama da mu ta wata hanyar suka bi. Meziko ta fara Progresa a 1997, aka riƙa ba uwa kuɗi muddin yaro ya halarci kashi 85 cikin 100 na kwanakin karatu. Maroko ta fara Tayssir a 2008, kuma binciken da aka yi a kansa ya gano wani abin mamaki: ko da ba a gindaya sharaɗi ba, in dai an ce wa iyaye wannan kuɗin karatun yaro ne kuma a makaranta ake rajistarsa, barin karatu ya ragu sosai. A nan gida shirin SWEDD, da kuɗin Bankin Duniya, ya raba wa 'yan mata kayan karatu da tallafin kuɗi. Irin wannan ya fi ƙarfin komin, sai gwamnatin tsakiya, kuma a nan ne 'yan majalisarmu na Borgou da Donga ya kamata su ji daga gare mu. Hukunci yana da wurinsa, ga mai safarar yara da mai yi wa 'yar makaranta ciki, doka ta tsananta a kansu, kuma daidai ne.

Kuɗin waje kuwa a karɓa da godiya, amma a san yana da ranar ƙarewa. Cibiyoyin Barka da ƙasar Suwizalan ta ɗauki nauyinsu a Borgou tun 2011, daga baya har Alibori, sun karɓi yara 'yan shekara 9 zuwa 15 da makaranta ta wuce su, suna fara koya musu da harshen gida kafin Faransanci, cikin shekara 4 su zana CEP. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Amma duk shirin da baƙo ya kawo, ranar da ya naɗe tabarmarsa, in babu layinsa a kasafin komin ko na ƙasa, allon suna kawai za a bari a bakin hanya.

Akwai gyaran da ba ya cin ko dala, sai dai zama da fahimtar juna. Yawancin yaranmu makaranta biyu suke yi, ta allo da ta boko. Inda malam ya riƙe yaro har hantsi, ya makara a lakwal, a tsayar da shi a ƙofa ko a yi masa bulala, gobe ba zai je ba sam. Malamai, Allah gafarta muku, ku da darektoci 'ya'ya ɗaya kuke reno. A tsayar da lokaci: asuba zuwa ƙarfe bakwai na allo, bayan la'asar sakaliya da dare na allo, Laraba da yamma da Asabar da Lahadi na allo, sauran a sakar wa lakwal. In liman ya faɗi wannan a kan mumbari ranar Juma'a, ya ƙara da cewa duk ɗan makaranta ya koma aji bayan salla, ya fi takardar sanarwa ɗari.

Na san abin da wasu ke faɗa yanzu a gindin rediyo: ko an ba da kuɗin, cinye su za a yi. Tsoron yana da tushe, mun ga buhun shinkafar yara da ya bi ta bayan katanga. Maganinsa a rubuta a manna. Abin da aka karɓa, abin da aka kashe, buhu nawa ya shigo, yara nawa aka bi gida a wannan wata, nawa suka komo, a liƙa a bangon makaranta inda kowa zai gani, a karanta a taron iyaye da harshen da suke ji. Barin nema don gudun ɓarawo kuwa bai taɓa hana a kashe kuɗi ba, wani wurin kawai ake kai su. Ku dubi maƙwabtanmu. A Nijeriya dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ilimin farko, da sharaɗin kowace jiha ta kawo nata rabin kafin ta ɗauka. Shekara da shekaru biliyoyin naira na zaune a asusun hukumar UBEC ba a ɗauka ba, yara kuma suna yawo a titi.

Saboda haka shugabannin APE na Guéma da Zongo da Banikanni da Albarika, da na unguwannin Djougou tun daga Kilir har ƙauyuka, aikin na wannan zangon karatu ne, kada a jira wata shekara. Ku nemi darekta cikin ladabi ya buɗe muku rajista. Ku je wurin shugaban unguwa ku tambayi ranar da majalisar komin za ta zauna kan kasafi, da ranar da za a ba jama'a lissafi, domin zaman majalisar a buɗe yake ga kowa. Ku kai takardarku ofishin SE tun kafin a rufe tsarin, ku karɓi shaidar an karɓa, da hatimi da kwanan wata. Ranar zama ku je da yawa, da iyaye mata, da sarkin kasuwa da na tasha, da wanda zai yi muku tafinta. In bana ba a sa ba, ku ajiye kofin takardar, baɗi ku komo da ita da sabon lissafi a kai.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauki batun takardar haihuwa shi kaɗai, daga inda ake farawa har yadda ake karɓa.